Ciwon Aro

Tun ranar da jikata Ummusalma ta samu gurbin karatun likita, sunanta ya ɓata a unguwarmu ta Dilimi. Kowa sai Likita. Ubanta Badruddeen, direban tirela, shi ya fara wannan fitina. Yarinya ko allura ba ta iya riƙewa ba, ya sayo mata abin awon jini. Shi ke nan, duk Asabar in ta dawo daga makaranta sai tsakar gidana ya koma asibiti. Ga mai ciwon gwiwa, ga mai kumburin ciki, har da wadda ta jawo akuyarta wai ta ƙi cin dusa. Ni ce mai tsara layi.

Tana aji huɗu maƙwabciyarmu Mama Nkoli, mai shagon kayan masarufi, ta ja ni gefe.

"Hajiya, wannan yarinya ba shi da lafiya fa. Da, in ya wuce shagona sai ya tsokane ni. Yanzu sannu ma da ƙyar. Haka ɗana Arinze ya yi yana jami'a, sai da muka kai shi asibiti."

Na ce wahalar karatu ce, amma na sa ido. Gwaten da take suɗe kwanonsa, yanzu sai ta jujjuya cokali ta ture. Kitso ya tsufa a kanta. Rana tsaka tana ƙudundune cikin bargo, wai sanyin Jos, sai ka ce jiya ta zo garin. Rannan kuma na ji tana gaya wa ƙawarta a waya cewa ta gaji, da za ta kwanta ba ta tashi ba da ta huta. Wallahi tsoro na ji, tsoron in rasa ta tana zaune a gabana.

Na tambaye ta kai tsaye. "Lafiya lau, Kaka," in ji ta. To, ai likita ba ya ciwo.

Da Asabar ta zagayo, na bari jama'a suka watse, na ɗaure kai da ɗankwali, na zube a gabanta.

"Wash! Likita, taimaki tsohuwa."

"Ke kuma, Kaka? Ke da ko mura tsoronki take ji?"

"Abinci ne ba ya yi mini daɗi."

Ta kalli kwanon da na suɗe tas a gefen tabarma. "Haka na gani."

"Dole nake turawa, marar kunya. Barci ma ya ƙi."

"Kaka, minsharinki har Gada Biyu ake jin sa."

Ta yi ɗan murmushi, wanda na daɗe ban gani ba. Ni kuwa na ci gaba. Na ce duk abin da nake so a da yanzu ya fita a raina. Na ce ji nake kamar unguwa guda ta ɗora mini kaya, in na sauke na ba kowa kunya. Sai na ce, wani lokacin har nakan ji da ma in kwanta kada in tashi.

Murmushin ya ɗauke. Ta gyara zama, ta ɗauko muryar da take yi wa marasa lafiya.

"Wannan ciwon damuwa ne, Kaka. Ba raunin imani ba ne, ba kuma aljanu ba. Ciwo ne, yana da magani. Duk wanda ya kai ga faɗin maganarki ta ƙarshe, asibiti ake kai shi, ba a jira."

"Ko da likita ce?"

Ta kalli ɗankwalin da na ɗaure, ta kalli kwanon, sai hawaye shar.

"An ce in maimaita jarrabawa," ta ce da ƙyar. "Baba kuwa ya gama gaya wa duk 'yan tasha 'yarsa ba ta taɓa faɗuwa ba. In aka ji ni ce ake dubawa fa?"

"'Yan tashar ne suka goya ki? Ni na goya ki, har kashi kin yi mini a baya. Ubanki kuwa ki bar ni da shi, shi ma na san nasa tarihin."

Ta fashe da dariya cikin kuka, ta kifa kai a cinyata. Ni ma na yi nawa kukan, ba na aro ba.

Ran Litinin muka shiga keke napep mu uku, Mama Nkoli ta rufe shago ta raka mu. Likitan ya daɗe da ita a ciki, ya ba da magani, ya ce mu dawo. Ban ce ta warke ba, amma ta ci rabin kwano.

Asabar da hantsi na ɗauki kujera na zauna a bakin zaure. Sai ga mai akuyar nan, wannan karon da gwiwarta.

"Hajiya, Likita tana ciki?"

Na ce, "Likita ba ta nan. Ummusalma ce a ciki, kuma barci take yi."