Kofin Mutumin Silet

Shekara goma sha ɗaya Mairama tana ajiye da wani lanƙwasasshen kofin soja a ɗakinta na unguwar Nakkasa a Makka. Ga shi yau da la'asar za ta koma Kano gaba ɗaya, alkawarin mahaifinta kuwa yana nan a wuyanta.

Mahaifin nata, Malam Salihu, ya yi yaƙin Bama. Ruwan sha ya ƙare musu a tsakiyar teku, kwana uku, har harshe ya kumbura. Sai ga wani ɗan jirgin sojan ruwa, ba igwa ba komai, aikinsa dakon ruwan sha kawai. Wani siririn ma'aikacin jirgin ya ga Salihu a sheme, ya ɗura masa ruwa, ya bar masa kofin. Sunansa? Oho. Garinsu kaɗai ya faɗa: Silet.

"In kin je Makka," in ji tsohon dab da rasuwarsa, "ki cika shi da Zamzam, ki shayar da mutumin Silet."

Duk shekara sai ta bi tantunan Mina tana tambayar alhazai. Wasu su yi dariya, wasu su miƙo mata sadaka. Sadaka fa! Ita da ta zo bayarwa.

Da hantsi tana ɗaure kaya, sai Yunus mai sharar layinsu ya leƙo yi mata sallama. Shekara shida tana zazzaga masa masifa a kan shara, ko sau ɗaya ba ta tambaye shi garinsu ba. Da ya ga kofin ya yi murmushi, ya ce da guntun Larabcinsa kakansa ma yana da irinsa, ai su mutanen Silet da aikin jirgi aka san su.

Mairama ta zauna daɓas a kan akwati. "Kai! Ina ka ce?"

Ta tsiyayo Zamzam daga jarka ta cika kofin, ta miƙa masa. Yunus ya dafa ƙirji. "Khala, ana sayim." Azumin Litinin yake yi, motarta kuma ba za ta jira magariba ba.

Ta kwashe labarin ta gaya masa, Hausa da Larabci a cakuɗe, tana kuka wiwi. Ya daɗe yana kallon kofin. Can ya jingine tsintsiya, ya tsuguna, ya fuskanci alƙibla.

"Gobe na rama," ya ce. Ya yi bisimilla, ya shanye tas.

Mairama ta share fuska da gefen mayafi. "Allah, na gode maka. Baba, ya sha."