Buɗe Tagogi, Enid

Ranar da labarin ya iso wa Enid Attrill Alhamis ce, kuma tun da sassafe ta buɗe tagogin gidanta gaba ɗaya. Haka matan unguwar suke yi duk ranar gwaji. Mazajensu na can saman dutsen da ke gaɓar tekun tsibirinsu, inda ake ɗaure roka da ƙarafa a kunna ta don a ga ƙarfinta, kafin a loda ta a jirgin ruwa zuwa hamadar Ostareliya inda ake harbawa. Ƙarfe goma daidai ake busa jiniya. Duk wadda ta bar tagarta a rufe, rugugin zai tsaga mata gilashi. Enid takan sauke kofunan shayi daga inda suke rataye, ta ɗora ruwa a wuta, jiniya na tashi ta jefa ƙwai a ciki. Mijinta Wilf ne ya gaya mata cewa wutar rokar ba ta wuce dahuwar ƙwai ruwa-ruwa.

Goma ta yi, ta gota. Ruwa ya tafasa har ya kusa ƙonewa, ƙwan na hannunta.

Sai ga maƙwabciyarta Beryl ta leƙo ta kan shinge, ko takalmi ba ta tsaya sakawa ba.

"Ke Enid, rufe tagoginki, ƙuda kawai kike tarawa."

"Wayyo! Wani abu ne ya fashe?"

"Ina ma fashewa ce! Ai da sun gyara. Gwamnati ce ta ce a daina aikin roka. Wai Amurkawa za su riƙa kai mana kaya sama da araha. Yanzun nan mijina Stan ya bugo waya kantin burodi."

Wilf ya dawo da tsakar rana, abin da bai taɓa yi ba a shekara goma sha huɗu. Mai walda ne, shi ke haɗa siraran bututun da man roka ke bi. Man nan yakan kore launin fata, shi ya sa kan yatsunsa kullum fari ne tas kamar na mai kwaɓa fulawa. Ya zauna bai cire hula ba.

"Amurka ta taka wata," in ji shi. "Rasha ba a magana. Faransa ma, ga ta nan ƙetaren ruwa, ta harba nata. Mu saura ƙiris, Enid. Ƙiris!"

Ta zuba masa shayi. Ya huce a gabansa.

Roka ta ƙarshe an riga an tura ta, don haka aka ce a harba ta kawai, tunda dawo da ita ma wahala ce. Bayan wata uku ta tashi lafiya lau, ta kai tauraron ɗan'adam da ta ɗauka sama ta ajiye. A ranar Wilf na kan dutse da wutar yanka, yana datse bututun da ya haɗa da hannunsa. Shugaban aiki ya fito ya karanta musu saƙon nasarar. Maza suka cire huluna, wani ya fara tafi shi kaɗai, ya ga ba mai taya shi ya bari. Sai aka ce kowa ya koma kan yankansa.

Kafin sanyi ya shiga sosai, wani Bafaranshe ya zo tsibirin yana neman masu irin hannun Wilf. Ƙasarsu ba ta daina ba, wata babbar roka ma suke shirin yi. Stan, mijin Beryl, ya sa hannu nan take. Wilf ya kawo tasa takardar gida ya shimfiɗa a kan tebur.

"Har da gida za su ba mu, tsohuwa. Ki koyi cin dodon koɗi, ni in koyi ɗaga hanci."

Ba ta yi dariya ba. "Rosie fa?"

Rosie 'yarsu ce tilo. Sanƙarau ya ɗauke ta tana da shekara huɗu, tana kwance a bayan cocin unguwar.

"Za mu riƙa zuwa ai. Jirgin ruwa ne, ba wata duniya ba."

"Sau ɗaya a shekara? Wa zai cire mata ciyawa? Wa zai gaya mata mun tafi? Ka je kai kaɗai in kana so, ban hana ka ba. Ni dai ba zan bar yarinyata ba."

Ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya ninke ta huɗu, ya tura ƙarƙashin agogon da ke kan murhu.

"To, shi ke nan," ya ce. "Akwai sauran shayi?"

Bai sake tayar da maganar ba, ko sau ɗaya. Ya samu aiki a wurin gyaran jiragen masunta, yana liƙe ɓuli, yana gyara ƙofofin lambu na mutane ran Asabar. Farin yatsunsa ya gushe. Beryl takan aiko da kati mai hoto daga Faransa, tana cewa Stan ya yi tumbi, burodinsu dogo ne kamar sanda. Enid ta karanta masa, shi kuma ya ce, "Stan? Wanda ba ya iya haɗa bututu biyu sai na riƙe masa? Allah ya kiyaye Faransa!" Ya yi dariya, sannan ya fita lambu ya daɗe bai shigo ba.

Shekara takwas bayan haka, ana jajibirin Kirsimeti, labarai suka nuna rokar su Stan a talabijin, fara, doguwa, tsaye a tsakiyar wani daji mai zafi. Enid na feraye dankali. Da wuta ta kama a gindin rokar, Wilf ya zabura daga kujera.

"Tagogi, Enid! Buɗe tagogi!"

Kafin ta yi tunani ta riga ta ture tagar kicin. Iska mai sanyi ta shigo ta kaɗa labule. Ƙarar da ke fitowa daga akwatin ba ta kai ta butar shayi ba. Suka kalli juna. Ya fara dariya, ita ma ta fara, sai ta ga kafaɗunsa na rawa, ya rufe fuskarsa da hannuwa biyu. Tun ranar da aka binne Rosie ba ta ga haka ba.

Da bazara ciwon huhu ya kwantar da shi. A asibiti ta tara ƙarfin hali ta tambaye shi abin da ta shekara takwas tana haɗiyewa.

"Wilf, ka yafe mini?"

"Me kika yi? Rosie ai ni ma 'yata ce." Ya tsaya ya ja numfashi. "Na dai so in sake jin rugugin nan a ƙirjina, ko sau ɗaya ne. Ba a talabijin ba."

An binne shi kusa da yarinyar. Yanzu kabari biyu take cire wa ciyawa, kuma babu mai cewa ta bar tsibirin. Abin da ta roƙa ke nan, an kuwa ba ta. Takardar Bafaranshen na nan ƙarƙashin agogo, ba ta iya taɓa ta ba. Saman dutsen ya koma wurin kiwon tumaki.

Kullum ƙarfe goma takan ture tagar kicin, ko ana ruwa ko ana sanyi, ta jefa ƙwai ɗaya a tukunya, ta tsaya tana fuskantar dutsen. In ya dahu, sai ta rufe.