Zanen da Ya Fi Ƙarfin Ɗaki

"Nibaldo! Ja ɓangarenka, iska za ta kai shi teku!"

Ni ce nake wannan ihun ta tagar maƙwabcina Don Eleuterio, tsohon mai zane, har muryata ta dushe. Can tsallaken kwari, a kan rufin gidan burodi, Nibaldo mai gidan da 'yan dakon tashar jiragen ruwa suna kokawa da wani ƙaton ƙyalle, iskar garinmu Valparaíso tana kaɗa shi kamar zanin gado a igiyar shanya.

"Brígida, sun warware shi?" in ji tsohon daga kan gado.

"Kwanta, Don Eleuterio, ka bar maza su yi aikinsu."

"Maza? Wanda bai iya burodi ba ne zai iya rataya?"

Dariya ta ƙwace mini, hawaye na biye da ita. Likita ya riga ya ce a daina wahalar da shi da allura. Abin da ya rage masa a duniya shi ne ganin zanensa na ƙarshe daga nesa. Shekara da shekaru yana yin sa a kan wancan ƙyallen, yana kafe a bangon wannan ɗaki, ɗakin da in ka ja da baya sai ka ci karo da kwabad, don haka bai taɓa ganin sa gaba ɗaya ba.

Yana saurayi mafarki yake zanawa: kifi sanye da rigar limamin coci, jirgi a cikin kofin shayi. Daga baya ya koma fuskoki masu ihu, ja da baƙi, har mata suka hana 'ya'yansu leƙa tagarsa. Da tsufa ya zo, ya watsar da kifin da fuskokin, ya bar launi zalla. Amma tsohon hali bai sake shi ba. Kullum da safe sai ya tare mu a matakala: "Maƙwabciya, me kika gani jiya?" Mun sha ba shi mafarkin ƙarya don mu wuce. Sau ɗaya na ba shi na gaske: mijina Custodio, wanda teku ta ci, yana hawo matakalarmu cikin rigar ruwansa rawaya. Daga ranar ban sake tayar da zancen ba.

Sai ga shewa ta tashi daga tsallake. Ƙyallen ya zubo a bangon tun daga sama har ƙasa, ya rufe tagogin Nibaldo ruf. Unguwa ta fito ƙwai da kwarkwata, ana buga tukwane.

"Bijimi ne!" wani ya ƙwala.

"Bijimin ina? Surukarka ce ranar wanki!"

Na ciccibi tsohon, ba nauyi ko na buhun gawayi, na jingina shi a ƙirjina saitin taga. Tsoro nake ji kada ya ce bai yi ba.

Ya daɗe yana kallo. Shuɗi mai duhu yana tafasa a ƙasa, ja yana tsage shi, sama kuwa fari kamar gari ya waye.

"Ashe ya tsaya da ƙafarsa," ya ce, yana dariya ƙasa-ƙasa. "Brígida, duba hagu. Na kawo miki shi har sama."

Na duba. Wani siririn rawaya ne ya fito daga cikin shuɗin, yana hawa taki-taki, har ya kai ga farin. Na buɗe baki in yi masa tsiya, in ce ai Custodio ya fi haka ƙiba, sai na ji kansa ya yi nauyi a kafaɗata.

Ban kira kowa ba tukuna. A tsallake ana ta buga tukwane, Nibaldo yana ɗago mana hannu, garin fulawa har gwiwar hannunsa. Iska ta lafa, ƙyallen ya kwanta lif a jikin bango, rana tana kan rawayan.