Ramar Baban Ɗigo

Akuyar ce ta fara ba da alama. Maman Ɗigo na tsugune a bakin rijiya tana ɗauraye kwanuka, sai ta ga dabbar ta fito daga bayan ɗakin ajiya tana tangaɗi. Ta zo tsakar gida ta tsaya, ta zuba wa bango ido, sannan ta zube a kan gwiwoyinta. Har matar ta buɗe baki za ta kira 'yarta ta zo ta ga ikon Allah, sai ta tuna tun da ta fara wanke-wanken ba ta ji muryar yarinyar ba. Ɗigo kuwa ba ta san shiru ba, ko barci take yi sai ta yi surutu.

A bayan ɗakin ta same ta, jingine da wani buhu da bakinsa ya kwance, gwangwanayen wasanta jere a gabanta. Girki ta yi. Ta cika gwangwani da busasshen ganye, ta jiƙa shi da ruwa, ta barbaɗa sukarin da ta sato, ta ci, ta ba akuya. Idanunta a buɗe suke, sun kaɗa sun yi ja, amma ba su ganin kowa. Uwar ta girgiza ta, kan yarinyar ya langaɓe. Ba ta tsaya neman takalmi ba. Ta saɓa ta a baya, ta damƙi ganyen a hannu, ta fita da gudu.

A ƙaramin asibitin unguwa, nas ɗin da ta karɓe su dattijuwa ce mai tabarau, wadda ita ta karɓi haihuwar Ɗigo, ita ma ta laƙaba mata sunan saboda ƙanƙantarta. Sai da ta sa wa yarinyar ruwa ta ga numfashinta ya daidaita, sannan ta tambayi abin da ta ci. Uwar ta buɗe tafin hannunta, ta ce rama ce kawai, ta lambunta, wani sabon iri da maigidanta ya kawo.

Nas ta murza ganyen, ta kai hanci. Ta dubi uwar ta saman tabarau.

"'Yar nan, ke kika shuka wannan?"

"Ni nake ba ta ruwa, Mama."

"To wiwi kike ba ruwa."

Ta faɗa a hankali, don kada masu jira a kan benci su ji. Ta ƙara da cewa yarinya za ta tashi da yardar Allah, kuma yau ta yi shiru don ta san wace ce ke gabanta, amma idan aka sake kawo mata wani yaro da wannan ganye a baki, da ƙafarta za ta je ta faɗa wa hukuma.

* * *

Lambun na Maman Ɗigo ne, gadon mahaifinta, 'yar ƙasa a bayan gida da ke gangarawa zuwa rafi. Shi ke ciyar da su tun da Baban Ɗigo ya sayar da babur ɗinsa ya koma zaman bakin titi. Tumatir, alayyahu, kuɓewa da rama, da su take sayen sabulu da maganin zazzaɓi. Shi kuwa ko fartanya bai taɓa ɗagawa ba, ya ce bayansa ba na noma ba ne.

Shi ya sa ranar da ya shigo farkon damina da 'ya'yan iri a ƙulle cikin leda, ya ce zai taya ta aiki, sai da ta shiga ɗaki ta yi hawayen murna. Ya ce rama ce ta ƙasar waje, ba a cin ta, ɗaci gare ta, masu yin igiya ne ke saye. Ta tsokane shi da cewa ashe dai bayan ya warke, ya yi dariya ya ce matar kirki ce ta yi masa magani.

Yanzu, a gefen gadon asibiti, tana riƙe da yatsun 'yarta, komai ya riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Yadda ya dage sai an zagaye lambun da masara, layi a kan layi, alhali ta gaya masa masara za ta tsare wa tumatir rana. Yadda ya ƙara wa shinge tsawo ya ce saboda awakin maƙwabta. Yadda ya ce ta cakuɗa ramarta ta gargajiya a tsakani, wai don su saba da juna, ta yi ta dariya tana cewa sai ka ce 'yan makaranta. Ganyen kuwa kamar an tsaga kara, yatsu-yatsu, in ba ka tsaya ka duba gefensa da kyau ba, ba ka rabewa. Da warin ya fara tashi ta yi magana, ya ce ai haka irin waje yake. Ya hana maƙwabciyarta shiga tsinkar kuɓewa, ya ce idonta ba shi da kyau.

Ita kuwa, lokacin da ruwa ya ɗauke, ita ta riƙa sauka rafi da bokiti biyu safe da yamma, Ɗigo na biye da ɗan gwangwaninta tana cewa ita ma tana ba ramar Baba ruwa. Har gida ta je ta shaida wa mahaifiyarta cewa Allah ya karɓi addu'a, mutumin ya shiryu.

* * *

Washegari da hantsi aka sallame su. Ta tarar da Baban Ɗigo a tsakar gida yana kai da komo. Ta ɗauka zai miƙo hannu ya karɓi 'yarsa daga bayanta, har ta ɗan juya masa kafaɗa don ya ji daɗin kwancewa. Bai ko dubi goyon ba.

"Wa kika nuna wa ganyen?"

Ta ce yarinya ta kusa mutuwa. Ya ce ai ga ta nan ba ta mutu ba, kuma sakacin uwa ne da ya bar yaro ya shiga inda ba a aike shi ba. Ya sake tambaya ko nas ɗin ta rubuta wani abu. Ta shiga ɗaki ta kwantar da Ɗigo, ta janyo ƙofa, ta dawo. Ta ce masa abu ɗaya take son sani. Ga gonar yayansa can nesa da gari, babu mai zuwa, ga filin gidansu. Me ya sa sai lambunta?

Ya sassauta murya, ya kira ta da sunan da yake kiranta da shi tun suna saurayi da budurwa, ya ce ta yi tunani mana.

"Kowa ya san lambunki ne. Wa zai leƙa lambun mace mai ɗiya? Ko da an zo ma, ke mace ce, ki ce ba ki sani ba. Ba za su tsananta miki ba kamar ni."

Ba faɗa yake yi ba. Bayani yake mata, kamar mai nuna wa yaro lissafi. A nan ta gane tun ranar da ya shigo da ledar nan ya riga ya zaɓi wanda za a tasa gaba idan abu ya ɓaci, kuma bai tsaya tunanin wa zai goya Ɗigo ba. Ta nemi kuka ta rasa.

Ta ɗauki adda ta nufi lambu. Ya biyo ta yana rantsuwa, yana cewa saura kaɗan, akwai mutanen da ke jira, ba ta san su ba, ba su da wasa. Ta ce idan ya taɓa ta za ta yi ihun da duk unguwa za ta shigo ta ga abin da ke bayan masara. Ya ja da baya. Yana tsaye ta sare shukokin nasa, tsayinsu ya wuce kanta, ɗankonsu na liƙe mata a hannu. Ta sare har da ramarta, don ba ta ƙara yarda da idonta ba. Ta so ta cinna wuta, sai ta tuna hayaƙin zai bi iska ya shiga ɗakin da 'yarta ke kwance, ya shiga gidajen mutane. Sai ta haƙa rami a ƙarshen lambun, ta yini tana turawa tana takewa.

Da ta dawo gida la'asar, buhunan bayan ɗakin ajiya babu su, jakarsa ma babu. Ya bar wa Ɗigo alawa a bakin taga.

Surukarta ta zo bayan kwana biyu, ba don duba jika ba. Ta ce mace ta gari rufa wa mijinta asiri take yi, ga shi ta kore shi da adda, mutane na nemansa. Maman Ɗigo ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo mata ruwa.

* * *

Damina ta zagayo. Ta shuka tumatir da alayyahu da kuɓewa. Masu saye suka yi ta tambayar rama, ta ce bana ba ta samu iri ba. Masara ma ba ta sa ba, ta rage shingen yadda duk mai wucewa zai ga lambun daga farko har ƙarshe.

Wata safiya tana cire ciyawa, ta ji Ɗigo na rera waƙa a can ƙarshen lambu, inda ramin yake. Ta je ta same ta a tsugune, tana tsiyaya ruwa a hankali daga gwangwaninta. A gabanta wasu 'yan tsirrai ne kore shar, sun fito da kansu, kowanne ya buɗe 'yan yatsunsa.

"Mama, kin gani? Ramar Baba ta fito. Kullum ina ba ta ruwa, in ya dawo ya gani."

Uwar ta durƙusa a gefenta. Ta ce mata ta je gida ta ɗebo wani ruwan, wannan ya ƙare. Ta bi ta da ido har ta shige ƙofa da gudu, gwangwani na ƙara a hannunta. Sannan ta sa yatsu cikin jiƙaƙƙiyar ƙasar, ta fara tumɓukewa da sauri.