Tarago Mai Alamar Alli

"Sake karanta min wurin nan," na ce wa akawun tashar jirgin ƙasa, na dangwala yatsa a kan takardar. Ban yi makaranta ba, amma na ga inda idonsa ya tsaya.

"Mama, sau biyu fa na karanta miki."

"Yi na uku. Kunnena ne ya tsufa, ba bakinka ba."

Ya ja tsaki ƙasa-ƙasa. "Marigayin ya shiga tsakanin taragu biyu, saɓanin doka. Sakacinsa ne ya jawo hatsarin."

Sakaci! Mutumin da ya shekara ashirin da shida yana haɗa taragun jirgin ƙasa, yatsunsa goma cif, ko farce bai taɓa rasawa ba.

Mai Alli muke ce masa, don ba a raba aljihunsa da guntun alli. Ni ke wanke wa ma'aikatan tasha kaya, kuma bango ɗaya ya raba ɗakina da nasa. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa tana aure a nesa. Nawa 'ya'yan ma sai a waya. In ya dafa shayi sai ya buga bango da cokali sau biyu, in miƙa kofi ta taga. Iyakar hirarmu ke nan, ban da faɗan da nake masa kan allin da ke ɓata min ruwan wanki.

Kwana uku ya yi a asibiti, ƙirjinsa a murƙushe. Ni kaɗai nake zuwa. A rana ta biyu na tambaye shi.

"Kai da ka san aikin, me ya kai ka tsakani?"

"Kawo hannunki, Yaya."

Ya lanƙwasa yatsunsa, ya saƙala su cikin nawa. Hannun sanyi ƙalau.

"Haka ƙugiyar tarago take. In biyu suka haɗu, su kama juna, ƙusa ta faɗa ciki ta kulle. Akwai mariƙi a gefe. Kana tsaye daga waje ka ja shi, ƙusar ta ɗaga, bakin ya buɗe. Ba ruwanka da tsakani." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Na wannan taragon ya lanƙwashe, ba ya ɗaga komai. Sai an shiga an buɗe da hannu. Ina ciki taragon baya ya gangaro."

"Ba ka faɗa musu ba?"

"Na yi masa alama da alli. Ɗaya, a duba. Biyu, kada a yi lodi. Uku, a fitar da shi daga aiki. Sati uku, kowane sati ina ƙara ɗaya."

"Suka yi me?"

Ya yi murmushi. "Suka yi masa lodi."

Washegari da hantsi na iso da shayi a fulas, na tarar an naɗe katifar. Wata nas ta miƙo min takalmansa a leda.

Shi ya sa na tsaya a ofis ɗin nan, na ce ba inda za ni sai na ga manaja. Ya fito yana goge tabarau, yaron da na haifi kamarsa.

"Mama, ke 'yar'uwarsa ce?"

"Maƙwabciyarsa ce."

"To ai ba ki da hurumi."

"Hurumin na can gidanku. Ni na ga ƙirjinsa. Ka goge kalmar nan kafin takardar ta kai hannun 'yarsa, kada ta karanta cewa ubanta shi ya kashe kansa."

"Babu rahotonsa a rubuce."

"A jikin taragon ya rubuta."

"Alli ba rahoto ba ne, Mama."

"Amma ido kana da shi, har huɗu ma. Taso mu je."

Akawun ya ƙunshe dariya. Manaja ya haɗe rai, ya ce sufeto mai duba taragu zai zo ƙarfe biyu, in akwai abin gani shi zai gani. Ya koma ciki ya rufe ƙofa.

A bakin ƙofar tasha na iske abokan aikinsa suna zaune a benci. Na ce wa tsohon direban da ya fi kowa saninsa, "Kai ma ka ga alamar. Zo ka faɗa."

Ya sunkuyar da kai. "Yaya, saura min wata takwas in yi ritaya."

"Allah ya kai ka. Kayanka kuma ka nemi mai wanke maka."

Ni kaɗai na bi layin dogo har ƙarshensa, inda ciyawa ta rufe shi, bahon wankina a ka. Can suka tura taragon. Ga mariƙin nan a lanƙwashe kamar ƙafar tsohuwa, na kama shi da hannu biyu na ja, ko motsi ƙusar ba ta yi ba. Bisa kansa, a jikin baƙin ƙarfen, ga alamun nan uku a jere. Ta farko ta fara dusashewa. Ta ƙarshe ya danna allin sosai, har ya karye ya bar tabo.

Na zauna a kan dogo. Ƙarfe biyu ta yi. Uku ta yi. Can nesa ina jin ana haɗa taragu, ƙarau, ƙarau, kamar ba a yi komai ba. Babu wanda ya ɓullo sai wata akuya.

Wajen ƙarfe huɗu hadari ya taso daga gabas. Ɗigon farko ya sauka a bayan hannuna. Na miƙe, na zube kayan mutane a kan duwatsu, na kifa bahon a jikin taragon, a kan alamun, na danne shi da goshi da hannu biyu.

Ruwan ya sauko yana bugun bahon, yana bi ta gwiwar hannuna zuwa cikin riga. Daga ƙarƙashin hammata nake leƙen hanyar da sufeto zai fito.