Wanda Ya Fara Buɗe Baki

Silvanus Kumai ya sake zagaya jirgin yana bubbuga taya da ƙafa, kamar mai neman laifin da zai ɗora wa wani. Babu laifi. Mai cike yake, inji lafiya lau, an cire kujerun baya an shimfiɗa katifa saboda mara lafiya. Laifin yana can sama, inda hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga kan duwatsun Kagoro ya miƙe har arewa, daidai hanyar Kano. Ɗan jirgin nan mai inji ɗaya, in ya shiga cikin wannan, sai dai a tsince shi a gonar wani.

Ya san haka tun da hantsi. Faɗar ce ba zai iya ba.

Kamfanin hayar jirage da yake wa aiki a Kaduna yana da wata doka, wadda ko wanda ya rubuta ta ba zai so a yi wa ɗansa ba. Matuƙin kwantiragi ba shi da albashi, sai ya tashi ake biyansa. In mai haya ne ya soke tafiya, kuɗin da ya ajiye sun tafi, a ciki ake ba matuƙi ladansa cikakke. In kuwa matuƙi ne ya ce ba zai tashi ba, ko da sama ce ke zubo duwatsu, a mayar wa mai haya kuɗinsa, shi kuma matuƙi ya kama gabansa hannu rabbana. Wato dai wanda ya fara buɗe baki, shi ya faɗi.

A daminar nan kaɗai, Silvanus ya buɗe baki har ya gaji. Ga shi lasinsa na tuƙi zai mutu ƙarshen wata, sai ya je Legas likita ya duba shi kafin a sabunta, kuma ladan wannan tafiyar shi ne kuɗin motar da na likitan. In lasin ya mutu, shi ke nan. Mutumin da ya taɓa tuƙa manyan jirage kafin zamanin tsuke bakin aljihu na SAP ya zo a sallami irinsu, sai ya koma Fadan Kagoma ya ɗauki fartanyar ubansa. Matarsa Rosemary ta faɗa masa da safe, tana miƙa masa rigarsa mai guga, "Yau kam ka riƙe bakinka, Baban Hellen. Ko sau ɗaya."

Ya hau jirgin ya kira ofis ta rediyo. Madam Edna ce ta amsa, ita ke riƙe da tsarin tashi a Kaduna.

"Madam, kin ga abin da ke kan hanya kuwa?"

"Na gani, Kyaftin. Nan ma ya rufe. Sokewa kake yi ne?"

"Ban ce ba. Tambaya na yi."

"To, ni ma ban ji komai ba. Amma ka san kamfani ba ya soke wa kowa. Ko kai, ko Alhaji."

Ya ajiye abin magana da tsaki. Kai, wannan irin aiki! Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Filin da yake jira tsohon wurin saukar jirgi ne na wata gonar kamfani da ta mutu a bayan Kafanchan, ciyawa ta cinye gefensa. A ƙarƙashin mangwaro ɗaya tilo, Alhaji Mijinyawa ya shimfiɗa darduma ya harɗe. Shi ne mai hayar, babban dillalin citta, wanda kakanninsa ma a kasuwar garin suka tsufa. Kusa da shi motarsa ce doguwa, an buɗe bayanta, mahaifiyarsa Hajiya Larai tana kwance a ciki. Ta zame a banɗaki ƙashin ƙugu ya karye, likita ya ce sai asibitin ƙashi a Kano, kuma ramukan hanya za su wahalar da ita. Shi ya sa aka ɗauko jirgi.

"Bismilla, Kyaftin, ga wuri," in ji Alhaji, yana matsawa. Ya ɓare goro ya miƙa masa rabi. "Yaya ka ga garin?"

"Gari kam yana nan, Alhaji. Kai yaya ka gan shi?"

"A'a, ni ina na san sama? Ni ɗan ƙasa ne. Ku ne masu ita."

Silvanus ya tauna goron da ba ya ma so. Ya gane tun ɗazu cewa Alhaji ya san dokar nan sarai, kuma ba ya da niyyar saka uwarsa cikin wannan hadarin. Mutum ne da ya yi rayuwarsa a kan buhunan citta, yana kallon manomi shiru har sai manomin ya gaji ya faɗi farashi da bakinsa. Jira sana'arsa ce.

"In kana ganin Mama ta gaji," Silvanus ya ce a hankali, "ana iya ɗagawa zuwa gobe. Kalma ɗaya za ka faɗa wa ofis."

"Haba, Kyaftin! Mu ai a shirye muke. Ko yanzu ka ce a ɗauko ta, sai a ɗauko ta." Ya juya wajen direbansa. "Kai, ku shirya ku kama Hajiya."

Direban ya miƙe, amma idonsa na kan maigidansa, bai taka ko'ina ba. Silvanus ya sake duban hadarin. Na ɗan lokaci ya ji shaiɗan yana raɗa masa cewa ya tashi kawai, ya bi ta yamma ya kewaye, wataƙila akwai ƙofa. Sai ya tuna Patrick, abokin aikinsa, wanda irin wannan lissafin ya sa ya tashi bara jirgin ya faɗo da shi, yanzu yana gida da sanda yana gyaran rediyo.

"A ɗan dakata," ya ce. "Bari mu ga ko iska za ta juya."

"To, madalla. Kai ne direba." Alhaji ya yi wa direbansa alama ya zauna.

Haka suka yi ta zaman doya da manja. Suka yi hirar tsadar taki, suka yi ta jirgin ƙasa da ya daina zuwa kan lokaci, har suka gangaro kan wane ne ya rasu wane ne ya yi aure. Kowa na yi wa ɗan'uwansa fara'a, kowa na satar kallon gabas. Shanun Fulani suka ratsa filin, wani tsoho mai gadin filin ya bi su da sanda yana zagi. Iska ta fara kaɗa ganyen mangwaro, ga zafi mai nauyi irin na kafin ruwa. Lokaci lokaci sai a ji nishi daga cikin mota, Alhaji ya ɗaga murya ya ce, "Sannu, Hajiya, an kusa," sannan ya koma kan carbinsa.

Silvanus ji yake kamar ya kama kansa da duka. Shekarun da ya yi yana karatun iska da gajimare, yau ga shi an mayar da shi ɗan kasuwa, ana cinikin shiru da shi a gindin bishiya. Kuma abin haushin, yana ganin zai iya ci. Azahar ta yi. In aka ƙara jimawa, ko motar ma ba za ta kai Kano da sauran haske ba, dole Alhaji ya karaya. Ya ce wa kansa, Silvanus, riƙe bakinka.

Alhaji ya tashi ya yi alwala ya ta da salla. Silvanus ya miƙe don ya miƙe ƙafa, hanyarsa ta bi ta bayan motar.

"Kai, yaro. Zo nan."

Ya leƙa. Tsohuwar ƙarama ce, ta shige cikin zannuwa, fuskarta ta jiƙe da gumi, leɓunanta sun bushe. Ƙudaje na bin zanen, ba ta da ƙarfin korarsu.

"Sannu, Mama. Yaya jiki?"

"Jiki ga shi nan. An ce kai ɗan Malam Kumai ne, mai wa'azi a coci?"

"Ni ne, Mama."

"Allah sarki. Ni ce mai ƙosai a bakin tashar jirgin ƙasa. Ubanka kan tsaya da keke, kana zaune a baya da kai kamar tulu." Ta so ta yi dariya, zafi ya katse ta, ta damƙe gefen katifa har sai da ya wuce. Da ta buɗe ido ta ce, "Ɗana, duk wanda na tambaya sai ya ce an kusa. Kai ka san abin. Za mu tashi, ko ba za mu tashi ba?"

Ya ji muryar Rosemary a kunnensa. Amsoshi suna nan birjik, ya yi ta rabawa tun safe: ana dubawa, sai yadda iska ta yi, Allah ne masani. Ya dubi hannun da ke damƙe da katifa, jijiyoyi duk sun tashi.

"Ba za mu tashi ba, Mama. Hanya ba kyau. Ba zan ɗauke ki cikin wannan ba."

"Alhamdu lillahi," aka ce daga bayansa.

Alhaji ne, ya idar, darduma a kafaɗa. Ko kunya babu, ya dubi direbansa. "Ka dai ji da kunnenka, Kyaftin ne ya ce ba zai tashi ba. To, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ta da mota, mu bi a hankali."

"Ai da ma," in ji Hajiya Larai, tana lumshe ido. "Ni tun asuba na ce masa ko da bulala ba zan shiga abin nan ba, gara ramin hanya. Shi ya ce in yi shiru in kwanta, wai akwai abin da ake jira."

Silvanus ya juya ya dubi Alhaji. Maganganu suka taru masa a maƙogwaro, masu zafi, har da waɗanda ɗan mai wa'azi bai kamata ya sani ba. Wato tun asuba! Mutum ya shanya uwarsa a rana da karyayyen ƙashi saboda kuɗin ajiya! Ya buɗe baki zai fara, sai Alhaji ya riga shi, murya ƙasa ƙasa yadda tsohuwar ba za ta ji ba.

"Kada ka dube ni haka, Kyaftin. Kai tun yaushe ka san ba za ka tashi ba?"

Silvanus ya mayar da dubansa kan bayan motar.

"To ka gani. Tare muka jira." Ya laluba aljihu ya ciro goro guda ya danƙa masa. "Ba ni na rubuta dokar ba. Ka gai da gida."

Motar ta juya a hankali, tana tsallake kwazazzabai kamar mai ɗauke da ƙwai, har ta ɓace a bayan dogayen ciyayi. Ko tayin rage masa hanya zuwa gari ba su yi ba.

Ya koma jirgin ya ɗauki abin magana.

"Madam, an soke."

"Wa ya soke, Kyaftin?"

"Ni."

Muryar Edna ta fito cikin ƙarar rediyo. "Ayya, Silvanus. Kai ma dai. To, in gari ya washe gobe sai ka dawo mana da jirgin. Ka san dawowa ba fasinja ba a lissafa ta."

"Na sani."

Ya sauko ya ɗaure fukafukan da igiya a jikin turaku, ya sa duwatsu a tayoyi, domin in iska ta kifar da jirgin, wannan kuma a wuyansa yake. Yana ƙulla igiyar ƙarshe ruwan ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya. Ya tsuguna a ƙarƙashin fiffike, farar rigar da Rosemary ta goge ta manne masa a baya, goron Alhaji na hannunsa har yanzu.

Tsohon maigadi ya rugo ya raɓe kusa da shi yana karkaɗe hula. "Kai, Oga, ruwa ya ɓata muku aiki yau."

Silvanus ya dubi yadda jar ƙasa ke shanye ruwan, yana shiga a hankali ba ya gudu. Gonar ubansa a Fadan Kagoma ma irin wannan ƙasar ce.

"Ruwa mai kyau ne," ya ce. "Citta za ta yi bana."