Lambar Dogo

Da farko ajin Turancin da Malama ta buɗe a waya shiru yake kamar an yi ruwa an ɗauke. Za ta tura darasi, ta ga alamar kowa ya karanta, amma ko tari babu mai yi. Duk manya ne masu sana'a, kowa na gudun ya kwafsa a gaban mutane. Sai ta sauya dabara, ta ce a ajiye rubutu, kowa ya danna ya faɗi abin da ke gabansa da baki, ko jimla ɗaya ce.

Dogo ne ya fara, wani direban babbar mota. Duk inda ya tsaya shan mai sai ya turo murya, inji na gurnani a bayansa, yana kakkarya Turanci yana yi wa kansa dariya. Ya sa wani ɗan ajin, Tela, a gaba da tsokana, wai Turancinsa duk faci ne. Tela ya rama, sauran suka shigo rabon faɗa, kafin ka ce kwabo aji ya koma kasuwa.

Wata ranar Talata motar Dogo ta ƙwace a kan gada. Ƙaninsa ne ya sanar da rasuwarsa. Aka yi ta addu'a, daga nan bakin kowa ya mutu. Malama ta kai yatsa za ta cire lambarsa daga ajin, ta ga hotonsa jingine da ƙofar mota yana murmushi, ta kasa.

Bayan wasu makonni, da hantsi tana yanka albasa a kicin, wayar na jingine da gwangwanin gishiri, sai ta ga a saman ajin an rubuta cewa Dogo yana rubutu. Saura kaɗan ta yanke yatsa. Ta tsaya tana kallo har alamar ta ɓace, babu saƙon da ya shigo. Washegari ma haka. Tela ya kira ta, babu wasa a muryarsa, ya ce shi ma ya gani, tun jiya keken ɗinkinsa ke karya masa allura. Wasu ɗalibai suka fice babu sallama.

Da abin ya ishe ta, ta yi bismilla ta kira lambar. Wayar ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka. Numfashi ta fara ji, sannan sallamar mace. Matar Dogo ce.

"Ki yafe ni, Malama, ban yi don in tsorata ku ba. Muryarsa nake saurare. Nan kaɗai ta rage mini, kuma ban san abin da yake faɗa ba."

Ashe kullum sai ta fara rubuta tambaya, kunya ta sa ta goge.

Malama ta zauna a ƙasan kicin, suka bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, tana fassarawa. Yawanci ba wani abu ba ne: taya ta yi faci, ana ruwa, ga mai sayar da ayaba. A wani kuwa cewa ya yi matarsa na fushi don ya fita bai ci abincinta ba, in ya dawo faranti biyu zai ci. Matar ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Da ta natsa sai ta tambaya ko za a bar ta a ajin.

An bar ta. Ba ta sauya suna ko hoto ba, Malama kuma ba ta taɓa ce mata ta sauya ba. A hankali aji ya farfaɗo, Tela ya koma zolayarsa. Sai dai matar a bakin mijinta ta fara koyo, duk kalmar da yake lanƙwasawa haka take lanƙwasa ta, har inda yake jan numfashi. Malama takan gyara wa kowa nan take. Nata kuwa, sai ta ajiye wayar a kife ta ɗan zaga tsakar gida tukuna.